Injin Sassaƙa Ƙirar Gida: Abin da Na Gano a Lome

Mutumin Damargu idan ya ji an ce Lome, abin da ke faɗo masa a rai shi ne tashar jiragen ruwa: tsofaffin motocin Turai, buhunan shinkafa, dilolin gwanjo, da direbobin manyan motoci da ke kwashe makonni a hanya kafin su iso Damagaram. Gari ne da muka sani da saye, ba mu cika tambayar abin da mutanensa ke ƙerawa da hannunsu ba. Ni ma rakiyar ɗan'uwa ce ta kai ni, shi zai fito da mota. Amma da yake ina da ƴar rumfar kafinta a bayan gidana a Ollelewa, duk garin da na sauka kunnena na wajen ƙarar zarto.

A lokacin hanyar Gaya a buɗe take. Muka tashi daga Bakin Birji muka kwana Damagaram, muka miƙa yamma ta Maradi da Ƙonni da Dogon Dutsi har Dosso, muka karya kudu zuwa Gaya, muka haye gadar Kwara zuwa Malanbil. Tsakanin Kandi da Faraku ƙasa ta sauya kama, jar ƙasa da dogayen itatuwa suka karɓe wurin rairayi da ƙaya. Kafin mu kai Kwatano iska ta yi nauyi, riga na manne wa jiki. Daga nan muka bi gaɓar teku ta Hilakonji da Aneho muka shiga Lome. Da aka rufe iyakar Benin a 2023, kayan Nijar suka koma bi ta Burkina Faso, ta Kaya da Dori da Tera, hanya mai tsawo mai haɗari, kuma duk mai shirin sayo wani abu daga bakin teku dole ya sa wannan a lissafinsa.

Jamusawa ne suka mai da Lome babban birnin Togo a 1897, kuma garin a jingine yake da iyakar Gana, har mutum na iya takawa da ƙafa daga tsakiyarsa ya shiga Aflawo. Kuɗinsu sefa ce irin tamu, ba ruwanka da ɗan canji. Hausawa sun daɗe a nan. Tun ƙarshen ƙarni na 19 fatake suka kafa Zango, da yawansu ta hanyar goro ta Salaga suka gangaro, kuma a 1977 aka tashe su daga tsakiyar gari aka mai da su Togbilekofe a arewacin birnin. Can muka sauka. Da asuba kiran salla, da hantsi mai fura, da dare mai tsire, kowa na Hausa. Sai ka fita bakin titi ka ji harshen Ewe da Faransanci sannan ka tuna kana ƙasar wasu.

Ɗan mai masaukinmu ne ya ja ni zuwa ga abin da ya sa nake wannan rubutu. Yaro ne mai koyon gyaran salula a Dekon, unguwar da masu sayar da waya suka cika. Ya lura ba na wuce rumfar kafinta ban leƙa ba, sai ya ce, "Kawu, gobe in ka samu sarari zan kai ka wurin wani abokina. Shi ma katako yake yi, amma kwamfuta ce ke riƙe masa gizago."

Muka hau kabu-kabu, wanda su can suke kira zemijan, muka ratsa lunguna masu jar ƙasa har wani gida na talakawa. A tsakar gidan, ƙarƙashin rumfar kwano, kusa da inda uwar gidan ke girki, na ga injin.

Tebur ne na bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, tsawonsa bai wuce mita ɗaya ba. A bisansa akwai wata gada da ke tafiya gaba da baya. A jikin gadar akwai kai mai zuwa dama da hagu, kuma kan yana sauka yana tashi. A bakin kan an ɗaure injin hannu irin wanda kafintoci ke fitar da ado da shi a gefen katako, da siririn haƙorinsa yana juyawa har ido ba ya kama shi. Hanyoyi uku ke nan, kowace da ɗan injin lantarki mai tura ta. A gefe, bisa kujera, wata tsohuwar kwamfutar cinya ce mai tsagaggen gilashi. Ranar allon shagon wata tela yake yi, a kan katakon tik, itacen da Jamusawa suka kawo wa ƙasar suka dasa. Na tsaya ina kallon haƙorin yana nutsewa cikin katako, ya zagaya ya fito da harafi, ya ɗaga, ya tsallaka, ya sake nutsewa, har ya zana hoton almakashi a ƙasan sunan. Da aka hure ɓarɓashin na shafa bakin haruffan da yatsa. Zurfinsu ɗaya ne daga farko har ƙarshe, abin da hannuna ba ya iya ba ni ko da na wuni a kai.

Saurayin da ya ƙera shi bai zauna ba ko sau ɗaya. Yana tsaye, toshiya a kunne, tabarau a ido, hannunsa kusa da wani jan maɓalli na tsayarwa. Tonton yake kirana, yadda samarin Lome ke kiran duk wanda ya girme su. Da aikin ya ƙare ya kashe injin ya ce, "Tonton, tambayi duk abin da kake so." Bai san ya buɗe wa kansa aiki ba, don sai da aka yi la'asar ina nan.

Asirin tafiyar yana cikin ƴan injinan nan. Ba irin na fanka ba ne da ke juyawa sakaka. Taku-taku suke yi, kuma taku 200 ne zagaye ɗaya. Idan aka haɗa ɗaya da sandar ƙarfe mai zare ta milimita 8, irin wadda ake sayarwa a kowane shagon kayan gini, kowane zagaye yana tura noti milimita 1.25. Ka raba wannan gida 200, sai ka ga taku ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba. Kwamfuta ba ta ganin katako, ba ta san tik ba, ba ta san almakashi ba. Ƙirga taku kawai take yi. Mai aikin ya zana abin da yake so da wata manhaja ta kyauta mai suna Inkscape, wata manhajar ta mai da zanen jerin umarni: je wuri kaza, sauka milimita 3, tafi wuri kaza da gudu kaza. Wani ɗan allon lantarki da bai cika tafin hannu ba, Arduino, wanda aka fara yi a garin Ivrea na Italiya a 2005, shi ke karɓar umarnin yana raba wa injinan taku. Manhajar da ke cikinsa, GRBL, wani ɗan ƙasar Norwe mai suna Simen Svale Skogsrud ne ya rubuta ta a 2009 ya sake ta kyauta ga duniya.

Wannan ya ba ni mamaki fiye da injin kansa. A 1952 ne aka fara nuna injin yankan ƙarfe mai bin umarnin lambobi, a jami'ar MIT ta Amurka, da kuɗin rundunar sojan saman ƙasar. Umarnin a jikin doguwar takarda mai huji-huji yake, kuma akwatunan lantarkin da ke sarrafa shi sun ci wuri fiye da injin. Yau ƙwaƙwalwar da ke wannan aiki ba ta kai kuɗin buhun hatsi ba, kuma ga ta a tsakar gida kusa da murhu.

Amma ba injin ne ya fi tsaya mini a rai ba. Littafinsa ne. Ya shiga ɗaki ya fito da wani littafin ƴan makaranta da ya sha hannu, shafi bayan shafi na zane da awo da farashi, wasu an soke an sake. Ya ce watannin da ya yi da biro sun fi waɗanda ya yi da ƙarfe yawa. Na gaya masa ni ma ina son irinsa a gida, sai ya tambaye ni me zan yanka. Na ce ƙofa, cikakkiya.

"Tonton, kowa da ƙofa yake zuwa mini," in ji shi. Ya ɗauko wani siririn bututu ya ɗora bakinsa biyu bisa bulo, ya sa ni in danna tsakiya, bututun ya lanƙwasa. Ya matso da bulon kusa da juna, na sake dannawa, bututun ya ƙi motsi. Ƙa'idar ita ce, idan ka ninka tsawon gada sau biyu, lanƙwasar da za ta yi a ƙarƙashin nauyi iri ɗaya ba sau biyu za ta ƙaru ba, sau takwas ne. Haƙori kuwa ture katako yake yi, katako na ture shi. Gadar da ke lanƙwasa ko da kaurin farce ce, za ta sa haƙorin ya yi ta kakkarwa, layi ya fito da zazzaɓi, wani lokaci haƙorin ya karye. Falankin filawud cikakke santimita 122 ne a faɗi, 244 a tsawo, kuma injin da zai ɗauke shi gaba ɗaya sai ƙarfe mai kauri da kuɗi masu kauri. Shi ya sa ya yi nasa ƙarami. In an kawo masa aikin ƙofa, sai ya sassaƙa adon a ƙananan alluna, kafinta ya harhaɗa su cikin firam. Na ga hikimar nan take, don ƙofofin da muke yi da ma da alluna muke haɗa su.

Sai maganar kasuwa, wadda ita ce zuciyar dabararsa. Bai zana komai ba sai da ya zagaya wuraren ƴan gwangwan da shagunan da ke kewayen tashar jiragen ruwa, inda ake zube matattun na'urorin ofis da suka zo daga Turai. Abin da ya samu shi ya gaya masa siffar injin. Na'urorin buga takarda suna da ƴan injinan taku da santsin sandunan ƙarfe da bel mai haƙora, amma ƙarfinsu bai kai na tura haƙori cikin tik ba. Manyan injinan fotokofi sun fi ba da masu ƙarfi. Inda bola ta gaza, bai yi girman kai ba, ya tara kuɗi ya sayi sababbi. Gadar tana gudu ne bisa ƙananan boris masu lamba 608, waɗanda raminsu milimita 8 ne, faɗinsu 22, ya jera su suna rungume da bututun ta gefe-gefe. Ya zaɓe su ne don babu kasuwar da ba a samunsu. Ya gaya mini ƙa'idarsa da kalmomi kaɗan: duk abin da ke cinyewa, ya zama akwai shi a kasuwar unguwa, duk abin da sai an yi odarsa daga Sin, a sayi biyu tun farko.

Ya nuna mini ciwon da ya fi wahalar da shi. Tsakanin noti da zaren sanda akwai ɗan sarari. Idan sanda ta juya baya, sai ta ɗan yi tafiya a banza kafin ta kama notin, kamar ruwan gatari da ya saki a ƙota. Kwamfuta ta ƙirga takunta cif, amma haƙori bai je ko'ina ba, don haka da'ira sai ta fito da ƙusumbi. Maganinsa noti biyu ne da ɗan sifirin a tsakaninsu yana ture su, kowane ya manne wa gefensa na zaren. A doguwar hanya kuma ya bar sanda ya koma bel, don sandar mai zare jinkiri gare ta, in aka matsa mata gudu sai ta riƙa kaɗawa.

Game da walda ma ya ja mini kunne, kuma wannan ya shafe mu ƙwarai, mu da muka saba komai a kai wa mai walda. Wuta tana jan ƙarfe. Firam ɗin da ka auna daidai, in ya huce sai ka tarar ya murɗe kaɗan, kuma kaɗan a wannan aiki da yawa ne. Ƙafafun tebur kaɗai ya yi wa walda. Duk inda boris zai bi, da noti ya ɗaure, ya faɗaɗa ramukan don ya iya matsawa ya daidaita. Yadda yake gane tebur ya zauna daidai kuwa, kowane magini a Tanut ya san shi: a ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, a ja ta ɗaya ɓangaren, in tsawon ya zo ɗaya an dace.

Na tambaye shi wa ya koya masa. Ya ce intanet, da zama cikin samari masu irin wannan ƙaiƙayi. Sannan ya ambaci suna biyu da girmamawa, waɗanda daga baya na tarar duk mai wannan harka a Lome ya san su. Na farko Sénamé Koffi Agbodjinou, masanin zanen gine-gine da al'adun jama'a, mai ƙaunar ginin ƙasa irin na Batammariba da ke arewacin Togo. A 2012 ya buɗe wani zaure mai suna WoeLab, inda yaro ko babba, mai digiri ko wanda bai gama firamare ba, zai shiga ya taɓa kayan aiki ba tare da an tambaye shi takarda ba. Na biyu Kodjo Afate Gnikou, wanda ilimin taswirar ƙasa ya karanta. A wannan zaure ya ga an harhaɗa wata na'ura da aka kawo kayanta daga waje, mai gina abu da narkakkiyar roba shimfiɗa bisa shimfiɗa. Maimakon ya tsaya a sha'awa, sai ya shiga bola. A 2013 ya fito da tasa, W.Afate, wadda gangar jikinta akwatin tsohuwar kwamfuta ne, injinanta da sandunanta kuma daga matattun na'urorin buga takarda da na ɗaukar hoton takarda. Jama'a suka tara masa sama da Yuro 4,000 ta intanet don ya kammala, kuma a 2014 na'urar ta ci kyauta a babban taron masu irin waɗannan zauruka a Barsalona. Na'urar roba da injin sassaƙa ƴan ɗaki ɗaya ne: hanyoyi uku, injinan taku, jerin umarni. Ɗaya tana ƙarawa, ɗaya yana ragewa. Wanda ya ga an yi ta farko da kayan bola a unguwarsu, ba zai ƙara yarda cewa na biyun sai Bature ba.

Irin waɗannan zauruka daga MIT ɗin nan tunaninsu ya taso, wajen wani malami Neil Gershenfeld, kuma tun 2004 aka buɗe ɗaya a makarantar koyon sana'a ta Takoradi a Gana. Amma abin da na gani a Lome ya ɗauki launin garin. Ina zaune a tsakar gidan nan yara uku suka shigo daga makaranta, cikinsu har da yarinya da ba ta wuce shekara goma sha biyu ba. Ba wanda ya kore su. Yarinyar ce ta ɗaure katako na gaba, ta sauko da haƙori a hankali har ya taɓa wata ƴar takarda da ta shimfiɗa, ta ja takardar ta ji ta kama, ta danna sifiri. Saurayin ya duba ya gyaɗa kai. Littafin nan da ya ci masa watanni kuwa, ya miƙa mini ya ce in ɗauki hoton kowane shafi da wayata.

Nan ne zuciyata ta koma gida. Mu ba baƙin ƙira ba ne. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, maƙeran Damagaram sun zuba igwa da hannunsu, an kuma haɗa albarushi a cikin birni. Yau ma wanda ya shiga kasuwar Katako a Yamai, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ya san hannun mutanenmu ba ya kasa komai: injin niƙa, injin sussuka, amalanke, tukwanen da ake zubawa da narkakken gwangwani. Abin da ke cinmu shi ne rowar sani. Maigida zai aiki yaro sayen goro daidai lokacin da zai yi haɗin da ya fi muhimmanci. Na san dalilin, tsoron kada a ƙwace wa mutum abinci ne, kuma ba na raina wannan tsoro a ƙasar da damina ɗaya ke yanke hukuncin shekara. Amma sani da yawa ya bi masu shi kabari ta wannan hanya. Saurayin Lome bai rasa ciniki don ya buɗe littafinsa ba. Masu zuwa koyo su ne masu kawo masa aiki, kuma ranar da allon lantarkinsa ya ƙone, a hannun wanda ya koya wa ya ari wani.

Da na dawo na zauna da hotunan littafin, na gane ba zai yiwu in kwafe shi yadda yake ba, kuma shi ma ya faɗa mini haka. Abokin gabarsa tsatsa ce, don iskar teku na cin ƙarfe, kullum cikin shafa mai yake. Namu abokin gabar ƙura ce. In ka shafa giris a sanda a Damargu lokacin hunturu, kafin sati ya zagayo ya haɗu da rairayi ya zama abin goge ƙarfe. Don haka hanyoyin boris ɗina a bushe za su zauna, a riƙa share su da buroshi, boris ɗin kuma masu rufaffen gefe, sandar hawa da sauka a sa mata riga ta fata, abin da dukawanmu za su ɗinka cikin sauƙi. Injin ba zai zauna a rumfa ba, ɗaki zan ware masa mai ƙofa. Sai zafi. A watan Afrilu da Mayu muna wuce digiri 40, kuma ƙananan allunan da ke ba injinan taku wuta suna ɗaukar zafi, in ya yi yawa su yanke, taku ya ɓace, aiki ya lalace. Akwatinsu na buƙatar fanka da matacin ƙura, aiki kuma da sassafe.

Wuta ita ce babbar tambaya. Matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011, mai tace ganga 20,000 a rana, a cikin ƙaramar hukumarmu take, amma mai sana'a a ƙauye dole ya yi tanadin kansa. Ƙaramin injin hannu na Makita da masu wannan ƙira suka fi ɗaurawa wat 710 yake ci, yana juyawa daga 10,000 zuwa 30,000 a minti. In ka haɗa da injinan taku da kwamfuta, kana neman kusan wat 1,000. Farantan sola da batir da inbata mai ɗan ƙarfi za su ɗauka, tunda rana ba ta yi mana rowa. Abin da ba a so shi ne ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki, don injin ba ya tuna inda yake. Maganin yana da arha: ƴan maɓallai a ƙarshen kowace hanya, waɗanda injin zai je ya taɓa duk lokacin da aka kunna shi don ya gane mafarinsa, sai a ci gaba daga inda aka tsaya.

Akwai kuma abin da ba ya cikin littafinsa don shi da gajeren wando da singileti yake aiki. Mu masu babbar riga ne da rawani. Haƙorin da ke juyawa sau dubbai a minti in ya kama hannun riga ko jelar rawani, ba ya jiran a kai hannu ga maɓalli. Duk wanda zai shiga ɗakin zai tuɓe su a bakin ƙofa, ya sa tabarau da abin toshe kunne, da ƙyallen hanci in ana yankan katakon nan na matsattsen gari, wanda ƙurarsa ke da gam a ciki.

Wani dattijo massassaƙi da na ba labarin a kasuwar Bakin Birji ya dube ni ya ce, "To Malam, mu kuma sai mu yi yaya?" Na ce masa, "Baba, wannan abu ba ya yin turmi, ba ya yin akushi, ba ya fafe kujera daga gungume. Shimfiɗaɗɗen katako kaɗai ya sani." Gaskiya na gaya masa. Aikin da nake hange ma yawanci na taimakon wasu masu sana'a ne. Dukawan Damagaram na buƙatar hatimin buga ado a fata, iri ɗaya, mai tsabtar layi. Masu zuba tukwane da murafu na buƙatar samfurin katako da za su danna a rairayi. Masu injin shuka da dabba ke ja na neman faifai mai ramuka daidai da ƙwayar hatsi ko wake, wanda in ya fashe sai an je birni. Makarantu na son haruffa da lambobi da yara za su riƙe a hannu. Allon karatu ma zai fito da siffarsa sumul, rubutu kuwa ya rage na alƙalami da tawada da hannun almajiri. Abin da ya fi jan hankalina shi ne zanen da ke fuskar tsofaffin gidajen Birni a Damagaram, wanda damina ke ci kowace shekara. In an ɗauki hotonsa an zana shi a kwamfuta, ana iya sauke shi a ƙofa ko taga shekaru bayan bangon ya zube.

Katako kuwa na saye zan yi amfani da shi, falankin da ke zuwa daga kudu da guntayen da ke zube a rumfata. Ba zan yarda injin ya zama dalilin sare gawo ko aduwa ba. Tun zamanin Tanimun aka hana taɓa gawo a ƙasar nan, kuma manomi ya san abin da inuwarsa da ganyensa ke yi wa gona. A nan ma kwamfuta na da amfani, don tana jera guntayen aiki a kan falanki ɗaya su matsu da juna, abin da ake zubarwa ya ragu.

Yanzu nawa littafin ya kai rabi. Filin aikin santimita 60 ne da 90. Bututu da sanda mai zare da noti daga Kasuwar Dole zan saye su, boris daga masu kayan babur. Injinan taku da allon lantarki da haƙora, biyu-biyu, na rubuta wa ɗan mai masaukina a Lome, zai ba direban da ke zuwa Damagaram. Mai waldan unguwarmu ya yarda zai yi ƙafafun tebur kaɗai, sauran da sifana za mu ɗaure. Wani ɗan ƙanwata da ya gama makarantar fasaha a Maradi shi zai riƙe ɓangaren waya da manhaja. Ranar da injin ya fara motsi ba haƙori za mu ɗaura masa ba, biro za mu ɗaura, ya zana murabba'i da da'ira a takarda mu auna, sai sun fito daidai sannan ya share fuskar teburinsa da kansa. Na kuma gaya wa malamin makarantar garinmu cewa duk Alhamis bayan la'asar ɗakin a buɗe yake ga ɗalibansa, maza da mata, kuma littafin yana rataye a jikin ƙofa.